Ciwon hanta nau'in C: Abin da sakamakon gwajin jini ke nufi ga majinyatan Isa da Sabon Birni

Ciwon hanta nau'in C na daga cikin 'yan tsirarun cututtuka masu daɗewa a jikin ɗan Adam da a yau ake iya warkar da su sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce magungunan zamani na warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka sha su bisa ƙa'ida, galibi cikin mako 12.

To amma babu likitan da zai iya tabbatar da warakar ta hanyar duban idon majinyaci ko taɓa cikinsa. Hukuncin yana hannun gwaji guda ne, wanda ke auna yawan ƙwayoyin cutar da ke yawo a cikin jini.

Irin wannan gwaji ya fi samuwa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na birane. Ga mutumin ƙaramar hukumar Isa ko Sabon Birni, a ƙasar Gobir da ke gabashin Jihar Sakkwato, hakan na nufin doguwar tafiya da kashe kuɗi, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka sha tarewa a shekarun nan.

Don haka sanin lokacin da gwajin ya zama wajibi, da lokacin da za a iya haƙura da shi, da kuma ma'anar lambobin da ke kan takardar, ya wuce batun likitoci kaɗai.

Girman matsalar

Rahoton da WHO ta fitar a shekarar 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum dubu 240 a shekarar 2022. Kashi 36 cikin ɗari ne kawai aka gano suna da ita, yayin da kashi 20 cikin ɗari suka samu magani.

A Najeriya, babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a kan cutar ƙanjamau a 2018, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya nuna cewa kashi 1.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na da nau'in C. Nau'in B kuwa ya kai kashi 8.1 cikin ɗari.

Adadin na nau'in C zai iya zama kamar kaɗan, amma a ƙasa mai yawan jama'a irin Najeriya lissafin ya haura mutum miliyan guda. Bugu da ƙari cutar ba ta bazu daidai wa daida ba, akwai yankunan da ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Ta jini cutar ke yaɗuwa. Allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, su ne manyan hanyoyin. Haka kuma duk wani aiki da ke fitar da jini da ƙarfe ɗaya a jikin mutane da dama, kamar aski da ƙaho da kaciya da cire beli da tsaga, na iya zama hanya idan ba a sauya reza ko aka tafasa kayan aikin ba. Har yanzu babu allurar rigakafin nau'in C, saɓanin nau'in B.

Gwaji biyu masu ma'ana daban-daban

Ruɗani na farko na tasowa ne daga yadda ake kiran gwaje-gwaje biyu da suna ɗaya, wato "gwajin hanta".

Na farko shi ne ɗan gwajin nan mai sauƙi da ake yi da ɗigon jinin yatsa, a samu sakamako cikin mintoci. Shi ake yi wa masu ba da gudummawar jini da masu shirin aure. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake gani ba, yana ganin sinadaran kariya ne da jiki ya samar a lokacin da ya yi arba da ita. Tamkar mutum ne ya ga sawu a ƙofar gidansa: ya tabbata wani ya shigo, amma sawun ba zai faɗa masa ko baƙon na ciki har yanzu ba.

A cewar WHO, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka kamu da cutar jikinsu kan kawar da ita da kansa cikin wata shida, ba tare da shan komai ba. Irin waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau, amma gwajin farko zai ci gaba da nuna alama a jininsu shekara da shekaru, sau da yawa har ƙarshen rayuwa.

Gwaji na biyu, wanda ake yi da fasahar PCR, shi ne ke neman ƙwayar halittar cutar kanta, ya kuma faɗi yawanta. Shi ne ke raba gardama. Idan bai ga komai ba, mutum ba ya buƙatar magani. Idan ya gani, cutar na nan, kuma tun shekarar 2018 shawarar WHO ita ce a yi wa duk baligin da aka samu da ita magani, ba sai an jira hanta ta fara lalacewa ba.

Rashin fahimtar wannan bambanci na jawo asara ta fuska biyu. Wani kan sayar da dabbarsa ko hatsinsa ya sayi maganin cutar da jikinsa ya daɗe da kawarwa. Wani kuma, bayan gwajin farko, sai ya koma ga saiwoyi da jiƙe-jiƙe, daga baya a yi masa na biyu a ga babu komai, ya ɗauka jiƙon ne ya yi aiki, har ya riƙa tallata shi ga wasu da cutar ke cin hantarsu da gaske.

Yadda ake karanta lambobin

Ana rubuta sakamakon ne da wani ma'auni na ƙasa da ƙasa da ake taƙaitawa da IU, a cikin kowane mililita ɗaya na jini. Takardun da suka fito daga asibitocin Jamhuriyar Nijar, inda ake aiki da Faransanci, kan rubuta shi UI, amma ma'aunin ɗaya ne.

Abin da ya fi firgita majinyata shi ne girman lambar. Ba baƙon abu ba ne a ga dubu 500 ko miliyan biyu ko ma miliyan goma a jinin wanda bai fara magani ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 1998 ya nuna cewa jikin mai cutar kan samar da ƙwayoyi kusan tiriliyan guda a kowace rana, kuma rabin waɗanda ke cikin jini kan ɓace cikin sa'o'i uku, wasu su maye gurbinsu. Lambar da ke kan takarda hoton wannan hada-hada ce a daidai lokacin da aka ɗebi jinin.

Wasu ɗakunan gwajin kan rubuta adadin a dunƙule, misali 1.2E6, wanda ke nufin miliyan ɗaya da dubu 200. Wasu kuma kan ƙara wata ƙaramar lamba a gefe da alamar "log". Wannan lamba tana ƙirga sifilai ne: 3 na nufin dubu ɗaya, 5 na nufin dubu 100, 6 kuma miliyan ɗaya. Saukowa daga 6 zuwa 4 na nufin an tashi daga miliyan ɗaya an dawo dubu 10, wato kashi 99 cikin ɗari na ƙwayoyin sun tafi.

Adadin kan hau ya sauka da kansa ko ba a sha komai ba. Mutumin da aka auna aka samu dubu 900, bayan wata biyu aka samu miliyan ɗaya da dubu 400, cutarsa ba ta ƙaru ba. Likitoci ba su cika ɗaukar sauyin da bai kai ninki uku ba a bakin komai, musamman idan a ɗakunan gwaji biyu aka yi awon.

Sai kuma sakamakon da ke zuwa babu lamba. Kowace na'ura na da iyakar abin da za ta iya ƙidayawa, yawanci tsakanin 10 zuwa 15 a mililita. Idan takarda ta nuna alamar "<" a gaban irin wannan lamba, ma'anarta adadin ya yi ƙasa da abin da na'urar za ta iya ƙirgawa. Idan kuma aka rubuta cewa ba a gano ƙwayar ba, wanda wasu ke taƙaitawa da TND, to na'urar ba ta ga ko ɓurɓushinta ba.

Yawan ƙwaya ba shi ne girman ɓarna ba

A cutar ƙanjamau, yawan ƙwayoyin cuta a jini na nuna saurin da ciwon zai yi. Jama'a da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, kan kwatanta ciwon hanta nau'in C da wannan, alhali ba haka abin yake ba.

Mai ƙwaya miliyan biyar na iya kasancewa da hanta lafiyayya, yayin da mai dubu 50 hantarsa ta riga ta ƙeƙashe. Abin da ke lalata hanta shi ne tsawon shekarun da ta shafe tana kumburi tana yin tabo, sai kuma abubuwan da ke ƙara mata nauyi, irin su barasa da ƙiba da ciwon sukari da tarayyar cutar da nau'in B ko ƙanjamau. WHO ta ce tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na masu ɗauke da cutar hantarsu kan ƙeƙashe cikin shekara 20.

Ana gane halin da hanta ke ciki ne ta wasu hanyoyi. Mafi sauƙi shi ne wani lissafi da ake kira APRI, wanda ke haɗa sakamakon gwaje-gwajen jini biyu da akasarin manyan asibitocin ƙananan hukumomi ke iya yi, wato sinadarin hanta na AST da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Inda hali ya yi akan ƙara da hoton ciki, ko na'urar FibroScan mai auna taurin hanta.

Wannan awo na da muhimmanci domin shi ke nuna ko mako 12 zai wadatar ko sai an kai 24, da kuma ko majinyaci na buƙatar kulawar ƙwararren likita.

Daga allurar mako-mako zuwa ƙwayar rana-rana

Yawancin tsoron da ake yi wa babbar lamba gadon wani zamani ne da ya wuce. An gano ƙwayar cutar ce a 1989, aikin da ya kai ga bai wa Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice lambar yabo ta Nobel a 2020. Sama da shekara 20 bayan gano ta, maganin da ake da shi shi ne allurar interferon haɗe da ƙwayar ribavirin.

Maganin na ɗaukar mako 24 zuwa 48, yana jawo zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini, kuma a jinsin cutar da ya fi taurin kai kusan rabin majinyata ne kawai ke warkewa. A wancan lokaci akan ɗauki duk abin da ya haura dubu 800 a matsayin adadi mai yawa da ke rage fatan waraka. Akan kuma auna jini a mako na 4 da na 12, idan adadin bai faɗi da ninki ɗari ba a mako na 12 sai a dakatar da maganin, domin kada a wahalar da majinyaci a banza.

Al'amura sun sauya a watan Disamban 2013, lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sofosbuvir, ɗaya daga cikin magungunan da ke afka wa ƙwayar cutar kai tsaye. Kamfanin Gilead ya fara sayar da shi a kan dala dubu 84 na mako 12. Bayan da aka bai wa kamfanonin Indiya lasisin yin irinsa farashin ya yi ta faɗuwa, har a 2023 aka cim ma yarjejeniyar da ta ƙayyade dala 60 a kan haɗin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 ga shirye-shiryen lafiya na ƙasashe masu tasowa. Farashin da majinyaci ke tararwa a kemis ya danganta da hannayen da maganin ya bi da kuma darajar naira.

Da waɗannan magunguna, mai dubu 100 da mai miliyan goma kusan damarsu ta warkewa ɗaya ce. Adadin kan ruguzo cikin kwanaki, kuma akasarin majinyata ba a ganin komai a jininsu kafin ƙarshen wata na farko. Wanda aka ga ɗan saura a jininsa a mako na 4 ma galibi yana warkewa, don haka wannan ba dalili ba ne na dakatar da magani ko sauya shi.

Saboda haka ne WHO ba ta wajabta awon yawan ƙwayar cuta a tsakiyar magani ba. Ga akasarin majinyata gwaji biyu sun wadatar: ɗaya kafin a fara, ɗaya kuma bayan an gama.

Mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe

Gwajin da ke tabbatar da waraka ba ranar da magani ya ƙare ake yin sa ba. A wannan rana kusan kowa jininsa tas yake, domin maganin na danne duk abin da ya rage. Idan akwai ƙwayoyin da suka ɓuya a hanta, sai bayan an daina shan maganin suke sake ɓullowa, yawanci cikin makonnin farko.

Shi ya sa ake jira mako 12 cur. Idan a lokacin ba a gano ƙwayar ba, ko ta yi ƙasa da abin da na'ura ke iya ƙirgawa, an warke ke nan. Likitoci na kiran wannan mataki SVR12, kuma fiye da kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka kai shi cutar ba ta dawo musu, sai fa idan sun sake ɗauko wata sabuwa.

Ke nan daga ƙwayar farko zuwa hukuncin ƙarshe kimanin wata shida ne. Wanda ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe ranar Ƙaramar Salla, gwajinsa zai faɗo ne kimanin mako biyu bayan Babbar Salla. Yin sa kafin lokaci na iya ba da tabbacin da bai cika ba, amma jinkirta shi ba ya ɓata sakamako. Wanda hanya ta hana shi zuwa a mako na 12 zai iya yi a mako na 16 ko na 20.

Jin ƙarfin jiki ko daidaituwar sinadaran hanta a gwajin jini ba sa maye gurbin wannan gwaji. Ga 'yan ƙalilan ɗin da cutar ta dawo musu kuma akwai magani na biyu, wanda ya haɗa sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, amma ba za a san ana buƙatarsa ba sai an auna.

Akwai abubuwan da ke kawo cikas ga waraka da ya kamata likita ya sani tun kafin a fara. Maganin tarin fuka na rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya, irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, na karya ƙarfin magungunan hanta. Wasu magungunan gyambon ciki ma na rage shigar velpatasvir cikin jini. Sannan wajibi ne a fara gwada nau'in B, domin a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya farfaɗowa da ƙarfi a yayin da ake maganin nau'in C. A ƙasar da nau'in B ya ninka nau'in C sau bakwai, wannan gargaɗi ba abin wasa ba ne.

Tsakanin Gobir da ɗakin gwaji

A ƙidayar 2006, Sabon Birni na da sama da mutum dubu 200, Isa kuma kimanin dubu 150. Babbar cibiyar da ake tura majinyatan da cutarsu ta fi ƙarfin asibitocin yankin ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke birnin Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100.

Tarihin hanyoyin yankin a 'yan shekarun nan sananne ne. A watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a hare-haren da aka kai wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamban 2021 'yan bindiga sun cinna wa wata motar fasinja wuta kusa da ƙauyen Gidan Bawa, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta.

A watan Satumban 2021 kuma an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni, matakin da a lokacin ya toshe hanya mafi sauƙi ta tuntuɓar likita daga nesa. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, inda Gobirawa ke da dangi tun fil azal.

A irin wannan yanayi, tsarin da ke buƙatar majinyaci ya je birni don ba da jini, ya koma karɓar sakamako, ya sake komawa karɓar magani duk wata, tsari ne da zai zubar da mutane a hanya. Gudun hijira kuma na katse shan magani. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka ita ce, wanda ya yi fashin kwana bakwai ko ƙasa da haka ya ci gaba da sha har ya kammala. Wanda ya wuce haka yana buƙatar ganin likita, kuma a nan ne awon yawan ƙwayar cuta a tsakiyar magani ke da amfani.

Abin da ya faru a Isa a 2024 ya nuna tasirin nisa da ɗakin gwaji. A watan Afrilun shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta ba da sanarwar wata cuta da ba a san musabbabinta ba, mai tara ruwa a ciki, wadda ta fi kama yara. A lokacin an lissafa mutum 164 da ake zargin sun kamu, huɗu sun rasu, kuma gwaje-gwajen farko sun karkata ne ga sinadarai masu guba irin su dalma. Hukumar ba ta danganta lamarin da ciwon hanta nau'in C ba. Darasin shi ne kumburin ciki ko shawara na da dalilai da dama, kuma gwaji ne kawai ke bambance su.

Aure da tsangwama

Batun ya shiga harkar aure ma. A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ciwon hanta nau'in B da C. Ko a inda babu irin wannan doka, iyaye da dama kan nemi ganin takardar asibiti kafin a sa rana.

Matsalar ita ce gwajin farko ne aka fi yi a irin wannan hali. Saurayi ko budurwar da suka sha magani suka warke, ko waɗanda jikinsu ya kawar da cutar da kansa, za su ci gaba da nuna alama. Idan waliyyi ko limami bai san bambancin ba, ana iya fasa aure a kan cutar da babu ita.

Wanda ya warke ba ya yaɗa cutar ga kowa. Wanda ke ɗauke da ita ma ba ya yaɗa ta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko musafaha ko sallar jam'i, kuma yaɗuwarta tsakanin ma'aurata ba ta da yawa. Abin da ya dace shi ne a yi gwaji na biyu, idan an ga ƙwayar a yi magani, wanda bai wuce 'yan watanni ba. Takardar gwajin mako 12 abar adanawa ce kamar takardar gona, domin ita ce shaidar da za a nuna duk lokacin da gwajin farko ya sake tayar da magana.

Waraka dai ba ta ba da kariya daga sake kamuwa. Haka kuma wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe kafin magani, ana so ya ci gaba da yin hoton ciki duk wata shida, saboda haɗarin kansar hanta na raguwa ne amma ba ya gushewa.

Abin koyi daga Masar da Nasarawa

Masar ta taɓa zama ƙasar da cutar ta fi yi wa katutu a duniya, sakamakon allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace yadda ya kamata ba, daga shekarun 1950 zuwa 1980. Tsakanin Oktoban 2018 da Afrilun 2019 ƙasar ta gwada kusan mutum miliyan 50, aka yi wa waɗanda suka nuna alama gwaji na biyu da magani kyauta. A watan Oktoban 2023 WHO ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar.

A cikin gida, Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin a 2020 ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Sule, da tallafin gidauniyar lafiya ta Clinton. Wani abin lura a shirin shi ne amfani da na'urorin GeneXpert, waɗanda tun asali aka kawo don gwajin tarin fuka, wajen auna ƙwayar ciwon hanta. Na'urar na ba da sakamako cikin ƙasa da sa'o'i biyu, kuma akwai ɗaruruwan irinta a asibitocin Najeriya. Sai dai tana buƙatar wutar lantarki da ɗaki mai sanyi, abin da ke da wuya a yankin da zafi kan haura digiri 40 a bazara.

Hanya ta biyu ita ce ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman, a busar da shi, a aika ɗakin gwaji ba tare da buƙatar firji ba. Ma'aikatan lafiya a Najeriya sun saba da wannan dabara wajen gwada jariran da iyayensu mata ke da ƙanjamau, kuma WHO ta amince a yi amfani da ita ga ciwon hanta inda babu ɗakin gwaji kusa. A 2022 hukumar ta ƙara da shawarar a sauko da gwaji da magani zuwa ƙananan asibitoci, a hannun likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar.

A 2016 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka ɗauki alkawarin kawar da ciwon hanta a matsayin barazana ga lafiyar jama'a kafin 2030, ta hanyar gano kashi 90 cikin ɗari na masu cutar da yi wa kashi 80 cikin ɗari magani. Cika wannan alkawari a Isa da Sabon Birni zai dogara ne a kan ko hukumomin lafiya na jiha da na tarayya za su tsara yadda jini zai yi tafiya zuwa Sakkwato a madadin majinyaci, a ba shi maganin mako 12 a lokaci guda, a kuma neme shi idan lokacin gwajin ƙarshe ya yi.

Kafin hakan ta samu, abin da ke hannun majinyaci da danginsa shi ne kada a sayi magani sai gwaji na biyu ya nuna ƙwayar, kada girman lamba ya tayar da hankali, sannan a ware kuɗin gwajin mako 12 tun ranar da aka sayi kwalbar farko.